Wa Ke Farke Ɗinkin Sabohat?

Almakashin ne ya fara ɓata. Ɗan ƙarami ne mai lanƙwasasshen baki, wanda Sabohat ke yanka kwalin zane da shi kafin ta lulluɓe kwalin da zaren zinariya. Ta ajiye shi inda ta saba, a gefen katakon da take ɗaure karammiski a kai, ta tashi ta yi sallar azahar, ta dawo babu shi. Ta ɗaga matashi, ta karkaɗe shimfiɗa, ta zazzage kwandon zare. Sai can da la'asar matar ɗanta, Nazokat, ta shigo da shi a hannu tana dariya, wai a cikin buhun shinkafa ta tsince shi a kicin.

"Onajon, yau kuma shinkafar za ku yi wa ado?" in ji ta, tana kiranta yadda ake kiran uwa a garin.

Shuhrat, ɗan Sabohat, yana tsakar gida yana gyara ƙafar wata kujera. Shi ma ya yi dariya, sannan ya daina, ya tsaya yana kallon uwarsa kamar mai duba wani tabo a bango. Sabohat ta karɓi almakashinta. Ta san ranar nan ƙafarta ba ta taka kicin ba.

A lokacin aiki ya yi mata yawa, ba ta da sararin tsayawa tunanin almakashi. Dilorom, mai koya wa 'yan mata rawa a gidan al'adu na unguwar, ta kawo mata tun kaka aikin Nauruz, bikin sabuwar shekara da ake yi idan sanyi ya wuce: dogayen huluna masu tsayi a goshi, da riguna na jan karammiski masu faɗin hannu. Duk birnin Buhara akwai masu ɗinkin zinariya, amma Dilorom ba ta kai wa kowa aikinta sai Sabohat, don ita ba ta maimaita zanen bara. Bana ta ƙirƙiro rumman da ya nuna har ya fashe. Za ta ɗinke ɓawon da zinariya, ta cika tsagar da ƙananan jajayen duwatsu, yadda in 'yan matan suka juya kai a lokaci guda za a ga kamar 'ya'yan rumman na zubowa. Ranar da zanen ya zo mata, shayinta sai da ya huce ba ta kurɓa ba.

Ɗakinta ne ya fi kowane ɗaki a gidan haske. Manyan tagoginsa na shan rana tun hantsi, rufinsa na sassaƙaƙƙen katako ne, bangonsa kuwa duk gurabe ne inda ta jera hulunan da ta ƙi sayarwa. Sauran ɗakunan gidan Shuhrat ya riga ya mayar da su masaukin baƙi masu yawon buɗe ido, kamar yadda rabin unguwar ya yi. Baƙin kan leƙo ta taga su yi ta nuna rufin da yatsa. Sabohat ta lura, kwanan nan in ɗanta ya shigo gaishe ta, rufin yake fara kallo kafin ya kalle ta.

Bayan 'yan kwanaki, ta yaye farin ƙyallen da take rufe aikinta da shi, ta tarar da gefen rumman ɗin da ta gama jiya ya saki. Zaren ya tashi birci-birci, kwalin ƙasa ya leƙo. Ta zura hannu ƙarƙashin katakon ta shafa. Ba tsinkewa ya yi ba, yanka ne, daga ƙasa.

Ta kira Nazokat ta nuna mata. Nazokat ta riƙe haɓa, ta ce ƙila aikin ne bai yi mata ba ta farke da kanta ta manta, ai yakan faru. Da Shuhrat ya zo ya ce shi ma ya ɗan lura da wasu abubuwa, jiya sau biyu ta tambaye shi ko ya ci abinci. Sabohat ta so ta ce wace uwa ce ba ta tambayar ɗanta sau biyu, amma ta ga yadda suka haɗa ido, ta haɗiye maganar.

Daga nan abubuwa suka yi ta faruwa. A ce ta bar buta a kan wuta har ta ƙone. A tsinci carbinta a cikin takalmin baƙo. A ce an faɗa mata saƙo tun safe, ita kuwa ba ta ji ba. Ba a taɓa yi mata faɗa ba. Kullum da murmushi ake gaya mata, da tattausar murya, kuma kullum akwai wani a kusa da zai ji: mai kawo gurasa, ko wata maƙwabciya da ta shigo aron tukunya.

Mutum ɗaya ce ta yi wa zancen dariya, Hosiyat, ƙawarta ta ƙuruciya da ke zaune a ƙarshen lungu. Kullum da hantsi takan zo da jakarta ta zauna gefen taga, tana kalmasa bakin huluna tana ɗaura musu tuntu, suna shan koren shayi suna gulmar duniya.

"Ke ce za ki yi mantuwa?" in ji Hosiyat. "Ke da har yau kike tuna wadda ta taka miki ƙafa ranar bikinki? Da ma Allah ya sa ki fara mantuwar, mu huta."

"Ke ce kika taka ni ai."

"Kin gani ko? Ƙwaƙwalwarki lafiya lau, halinki ne dai babu kyau."

Nazokat na bakin ƙofa da faranti ta ji wannan. Da yamma tana naɗe shimfiɗa sai ta ce, ita dai ba ta ce komai ba, amma in har Onajon ta tabbata hannu ne ke taɓa aikin, to wa ke shiga ɗakin nan kullum? Ta kuma ji ana cewa jikar Hosiyat hola, wato inna Hosiyat, ta fara ɗinkin huluna, tana neman masu ba ta aiki. Ta faɗi haka ta fita abinta.

Sabohat ta ce a ranta wannan maganar banza ce. Amma maganar ta ƙi fita. Washegari ta kama kanta tana kallon hannun Hosiyat duk lokacin da ya matso kusa da kwandon zare. Da aka kwana biyu ƙullin zaren zinariya mafi kyau ya ɓace, wanda ta keɓe don goshin huluna. Ta yi ta juya abin a ranta har shayi ya zo, sannan ta tambaya, idonta a kan allura, ko Hosiyat ta ɗauki wani zare cikin kuskure.

Hosiyat ta ɗauki jakarta ta zazzage a kan darduma: tabarau, ɗan kwalin magani, busasshen inabi a ƙulle cikin ƙyalle, makullin gida. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta mayar, ta miƙe da ƙyar saboda gwiwa, ta ce tun suna 'yan mata suke cin gurasa ɗaya, ba ta taɓa zaton za ta ga wannan rana ba. Ba ta sake zuwa ba. Gefen tagar ya zama babu kowa, kuma daga ranar babu wanda ke ganin abin da Sabohat ta ɗinka da idonsa kafin ta rufe shi.

Farkewar kuwa ba ta tsaya ba. Sai Sabohat ta yi dabara. Da ta rufe aikin da yamma ta ɗora siririn jan siliki a bakin ƙyallen, inda ba mai lura. Da safe ta same shi a ƙasa, wani ganye kuma ya saki. Ta kira Shuhrat shi kaɗai, ta rufe ƙofa, ta nuna masa silikin tana raɗa. Ta ɗauka zai fusata. Sai ya sauke dogon numfashi ya dafe goshi.

"Onajon, yanzu tarko kuke ɗana mana a cikin gida? Jiya Hosiyat hola, yau matata, gobe ni ke nan. Wannan zargin ai shi ne ciwon."

Ya kai ta wurin likita. A can ma shi ya yi bayani, ita tana zaune da jakarta a cinya. Ya ba da labarin almakashi, da buta, da carbi, da ƙawar da ta kora, da zaren da take ɗana wa mutane. Duk abin da ya faɗa ya faru, ba ta da inda za ta ce ƙarya ne. Likitan, saurayi mai gaggawa, ya juyo ya tambaye ta yau nawa ga wata. Sabohat ba ta taɓa rayuwa da kwanan wata ba, ita dai ta san saura kaza a yi Nauruz, ga kuma zuciyarta na tafasa. Ta faɗa ba daidai ba. Likita ya gyaɗa kai ya rubuta ƙwayoyi, ya ce za su kwantar mata da hankali.

Suka kwantar kuwa. Sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe tsakar gida, Sabohat ta zama kamar wadda aka naɗe kanta da bargo. Nazokat ke kawo ƙwayar da safe da kofin ruwa, ta tsaya har sai an haɗiye. Yatsunta suka yi nauyi. Allura ta fara suɓucewa, layin zinariya ya fara karkacewa, wannan karon kuma da hannunta, tana gani. Takan zauna gaban katakon ta farka ta ga rana ta bar tagar. Wata rana ta ɗinke hannun riga a baibai, ta zauna tana kallonsa hawaye na zuba. Ashe gaskiyarsu ce. Ta kira Nazokat ta riƙe hannunta ta ce, "Kelin, matar ɗana, ki yafe mini, na zarge ki a raina." Nazokat ta ce babu komai, ai uwa ce, amma ba ta kalle ta ba, ta zare hannunta da sauri ta ce ta bar miya a wuta.

Abin da ya tona asirin ƙaramin abu ne. Wata safiya aka ƙwanƙwasa ƙofar gida daidai lokacin da Nazokat ta miƙa ƙwayar, ta juya da sauri, ƙwayar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin akwati. Sabohat ta sha ruwan kawai. Kafin azahar ta ji kamar an buɗe taga a cikin kanta. Ta zura zare a allura ba tare da lalube ba. Ta cika tsagar rumman guda da jajayen duwatsu, ta ɗaga shi a rana, ya yi kyau yadda ta gan shi a ranta tun kaka.

Daga ranar ta koyi ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, in an fita ta tura ta cikin wata tukunyar fure da ke taga. Ba ta nuna ta warke ba. Ta ci gaba da jan ƙafa, tana lumshe ido, tana amsa magana a makare. A gidan da ta haifi ɗanta, ta koma tana sauraron takun kowa.

Ran nan bayan cin shinkafar rana ta kishingiɗa a kusurwar ɗaki, ta ja bargo, ta bar ido a ɗan buɗe. Ƙofa ta motsa. Nazokat ta leƙo ta kira a hankali, "Onajon?" Da ta ji shiru ta shigo da sanɗa, ta durƙusa gaban katakon, ta ciro reza daga aljihun rigarta, ta zura hannu ta ƙasa. Sabohat ta ji ƙarar zaren yana tsinkewa, ɗaya, ɗaya. Wannan bai ba ta mamaki ba, ta daɗe da sani. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne muryar da ta fito daga bakin ƙofa.

"Ya isa haka, kar ki yi da yawa. Fure ɗaya ya wadatar."

Shuhrat ne, tsaye, yana leƙen tsakar gida kada wani ya zo.

Sabohat ta yaye bargon ta tashi zaune. Reza ta faɗi daga hannun Nazokat. Ta fara cewa wai gyara take yi, ta ga wani zare ya yi tsayi. Babu wanda ya kula ta. Uwa da ɗa suna kallon juna, har Shuhrat ya shigo ya rufe ƙofar ya zauna a kan dugadugansa, kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi laifi. Amma ba gafara ya zo nema ba.

Ya ce idonta ya gaji, bayanta ya ranƙwafa, shekarunta nawa tana tsugune a gaban katako, ai lokaci ya yi da za ta huta. Ya ce masaukin ne ke riƙe da gidan yanzu, ba huluna ba, kuma duk baƙon da ya zo ɗakin nan yake tambaya. Maƙwabcinsu na hagu ya gyara nasa ya ƙwace masa baƙi. Yara na girma, makaranta na jiransu. Shi ba don kansa yake yi ba. Nazokat ta sa baki tana kuka, ta ce ita ce mai wanke zannuwan gado har hannunta ya tsage, kuma ita abin da mijinta ya ce shi ta yi.

"Me ya hana ka buɗe baki ka ce in bar maka ɗakin?" in ji Sabohat.

"Da na ce, za ku bari?"

"A'a."

"To kun gani." Ya buɗe hannuwa kamar wanda ya gama hujja. "In kuma na fitar da ku da lafiyarku, kuna tsakiyar aiki, me unguwa za ta ce da ni? Da wane ido zan shiga masallaci?"

"Shi ne ka zaɓi a ce uwarka ta haukace."

"Ba hauka ba, Onajon. Tsufa. Tsufa ai ba abin kunya ba ne."

Ta daɗe tana kallon fuskarsa tana neman wani abu, ba ta samu ba. Shi da gaske yake, yana ganin ya zaɓi hanya mafi sauƙi ga kowa. Ta ce masa gobe za ta fita ta gaya wa unguwa duka. Ya miƙe, ya ɗauki rezar daga ƙasa, ya ce ta huta, ranta ya ɓaci.

Washegari da hantsi ta ji muryar Dilorom a zaure. Ta matsa jikin taga. Shuhrat ya tare ta a can, yana magana ƙasa-ƙasa, ga ƙunshin jan karammiski a hannunsa wanda aka kwashe daga akwatinta ba ta sani ba. Yana cewa abin ya yi tsanani, wani lokaci ko shi ba ta gane shi, gara Dilorom opa, wato yaya Dilorom, ta nemi wani mai ɗinkin tun da sauran lokaci, su kam sun ji kunya. Sabohat ba ta tsaya neman takalmi ko ɗankwali ba. Ta fito a guje ta taka ƙanƙara da ƙafa, farin gashinta a warwatse, tana kiran sunan Dilorom. Ta riƙe mata hannun riga. Maganar duk ta fito a tare, a hargitse: reza, ƙwayoyi, tukunyar fure, ɗaki, rufi, su ne, su biyun ne, da idonta ta gani. Baƙi biyu suka leƙo daga bene. Shuhrat ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa mata a kafaɗa a hankali.

Dilorom ta kalli ƙafafun da ke cikin ƙanƙara, ta kalli Shuhrat, idonta ya cika da ƙwalla. Ta shafa hannun Sabohat kamar mai lallashin yaro.

"Haka ne, hola, haka ne. Ku shiga ciki, akwai sanyi. Allah ya ba ku lafiya."

Ta karɓi ƙunshin ta tafi. Kafin la'asar labari ya gama lungu.

A makon nan aka mayar da ita ɗan ɗakin da ke bayan kicin, inda ake ajiye gawayi da tulunan kayan lambu masu tsami a da. An share shi, an shimfiɗa darduma, an sa mata hita. Shuhrat ya gaya wa maƙwabta ya fi ɗumi, kuma kusa da Nazokat yake in wani abu ya taso. Taga ɗaya ce a can sama, ƙarama, tana kallon bangon maƙwabta. Aka kwashe allurai da almakashi, kada ta ji wa kanta ciwo. Aka fara kulle ƙofar gida daga ciki, kada ta fita ta ɓata. Ƙwayar kuma yanzu a shayi ake narka ta, don haka ta daina shan duk abin da ba ta ga an zuba daga butar kowa ba. Da ta rame, aka ce ciwon ne ke cinta.

Matan unguwa suka yi ta zuwa dubiya. Sukan zauna a bakin ƙofa su yi mata magana da ƙarfi, a hankali, su tambaye ta ko ta gane su. In ta yi shiru, su ce wayyo. In ta kira sunan kowacce har da na kakanninta, Nazokat ta ce yau ranar sa'a ce, wani lokaci ciwon yakan sake ta haka. In ta fara ba da labarin reza, su kalli juna su miƙe. Hosiyat ma ta zo da kwanon miya a naɗe cikin tawul. Sabohat ta kama hannunta ta ce ta zalunce ta, ba ita ta ɗauki zaren ba, yanzu ta san waɗanda suka ɗauka. Hosiyat ta fashe da kuka ta ce ta yafe tun ranar da ta ji labari, ashe ciwo ne, ita ce ma ya kamata ta gane tun farko. Sabohat ta saki hannun. Ko yafiyar da ta samu, ta mahaukaciya ce.

Ranar Nauruz ta ji kiɗa daga nesa, daga wajen dandali. Daga baya ta ji Nazokat na gaya wa wata a kicin cewa 'yan matan Dilorom sun yi rawa da hulunan kasuwa, na inji, kuma babu wanda ya ga bambanci.

Tsohon ɗakinta ya sha fenti, aka sa babban gado a tsakiya. Hulunanta aka bari a gurabensu, aka rataye rigar rumman guda da ta kammala a bango, aka haska ta da fitila. Da bazara ta kama baƙi suka cika gidan, kuma duk wanda ya kwana a ɗakin sai ya tambayi wa ya yi wannan aiki. Shuhrat yakan ce mahaifiyarsa ce. Su ce tana da rai? Za su iya ganinta tana yi?

Wata safiya Nazokat ta shigo da fara'a, ɗauke da tsohuwar rigar karammiski da farin mayafi. Ta ce rana ta yi daɗi, Onajon ta fito ta sha iska. Ta taje mata kai, ta sa mata kwalli, ta riƙo ta har tsakar gida. A ƙarƙashin rumfar inabi an shimfiɗa darduma mai kyau, an kafa katakonta, an ɗaure sabon karammiski baƙi wuluk, ga kwali an yanka, ga zaren zinariya yana ƙyalli. Baƙi sun zauna a kujeru da kofunan shayi, kowa da wayarsa a hannu.

Aka zaunar da ita. Nazokat ta sa mata allura a tafin hannu.

Sabohat ta ji sanyin ƙarfen. Tun hunturu ba ta taɓa allura ba. Yatsunta suka juya ta da kansu, suka nemo bakin zaren, suka zura shi tun a karo na farko. Ta shafa karammiskin, ta ji laushinsa har cikin ƙirjinta. Ta riga ta ga abin da zai dace da wannan baƙi: reshe siriri, ya taso daga ƙasa ya lanƙwasa. Ba abin da take so a duniya kamar ta soka allurar nan. Ta ɗaga kai ta ga ɗanta tsaye bayan baƙin yana murmushi, yana gyaɗa mata kai ta fara.

Ta zare zaren daga allurar, ta ajiye su a kan katakon, ta naɗe hannuwanta a cinya.

Aka ɗan jira. Wani baƙo ya yi tari. Shuhrat ya zagayo ya durƙusa kusa da ita, murmushin na nan a fuskarsa, ya yi magana ta gefen baki.

"Onajon, ku taimaka. Ɗan kaɗan kawai za ku yi. Baƙi na kallo."

"Ɗana, ka gaya wa unguwa duka hannuna ya mutu," ta ce, a natse, yadda shi kaɗai zai ji. "Ba zan ƙaryata ka a gaban baƙi ba."

Murmushin ya tsaya masa a fuska. Ya ɗan jima a durƙushe, wuyansa ya yi ja. Ta ɗauka ko yanzu zai sunkuyar da kai. Sai ya miƙe, ya gyara mata mayafi, ya juya ga baƙin ya yi musu bayani da harshensu, yana taɓa gefen kansa da yatsa, yana dafa ƙirji. Fuskokinsu suka yi laushi. Wata dattijuwa cikinsu ta share ido, ta zo ta riƙe hannun Shuhrat da hannu biyu. Suka ɗauki hoton Sabohat a haka, da kwalli da karammiski, hannuwa a naɗe gaban katakon da babu ɗinki ko ɗaya, sannan suka koma kan shayinsu.

Da aka ga hakan ma yana yi wa baƙi, sai ya zama al'ada. Duk ranar da gida ya cika a yi mata wanka, a sa mata rigar, a zaunar da ita ƙarƙashin inabi. An daina ma ba ta allura. In baƙi suka watse a tuɓe rigar a ninke, a mayar da ita bayan kicin.

Ba wanda ya taɓa dukanta. Ba ta kwana da yunwa ba, ba ta rasa sutura ba, ba a ɗaga mata murya ba ko sau ɗaya. In da hukuma za ta zo bincike, babu abin da za ta gani sai tsohuwa mai tsabta a ɗaki mai ɗumi. Masu wucewa ta lungun kan hango ta ta ƙofa, su ce ka ga yadda ake riƙon uwa, wasu da tuni sun kai ta gidan gajiyayyu. Har yau a unguwar, in dattawa za su yi wa wani saurayi faɗa a kan haƙƙin mahaifiya, da Shuhrat suke ba shi misali.